Mai Hoto Da Littafin Lissafinsa

Jawabinmu na yau ya shafi masu shagunan ɗaukar hoto ne, da irin ilmin tafiyar da kasuwanci da ya kamata su nema bayan gwanintar hannu. Za mu ɗauki misalinmu daga Hindawiyya, wata tsohuwar unguwa a kudancin Jidda, kusa da tashar jiragen ruwa, inda Hausawa da sauran mutanen Afirka ta Yamma suka daɗe da zama.

Hoto tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hijaz. Tun a shekarar 1861 wani hafsan Masar, Muhammad Sadiƙ Bey, ya ɗauki hotunan Madina, sa'an nan a wajejen 1885 wani likitan Makka mai suna Abdulgaffar ya shiga ɗaukar hotunan garinsu. Da tafiya ta yi tafiya, sai hoto ya zama cikin tsarabar alhazai, ga kuma ƙananan hotunan da ake buƙata don fasfo da takardar zama. A irin wannan kasuwa ciniki yakan cika shago lokacin aikin Hajji, ya kuma ja baya idan alhazai sun watse.

To, a nan ne darasin farko yake. Da yawa daga masu hoto sukan ɗauki duk abin da ya shiga aljihu a matsayin riba, alhali kuwa akwai kuɗin haya, da wuta, da takarda da tawada, da ladan yaron shago. Har ila yau akwai tsufan kayan aiki, wanda ba a ganinsa sai ranar da ya kwanta. A ce mutum ya sayi kyamara riyal 12,000, yana sa ran za ta yi masa shekara huɗu. Ke nan kowane wata tana cin riyal 250, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Wanda bai ware wannan kuɗi ba, uwar kuɗinsa yake ci. Ai don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Darasi na biyu shi ne sanin doka. Sa'udiyya ta kafa harajin saye da sayarwa a Janairun 2018, kashi 5 cikin ɗari, ta ɗaga shi zuwa kashi 15 a Yulin 2020. Daga Disamban 2021 kuma aka wajabta wa masu biyan wannan haraji ba da rasit ta na'ura. Daɗin daɗawa, dokar 2020 ta tsananta hukunci a kan baƙon da ke kasuwanci a ɓoye da sunan ɗan ƙasa, har ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. Shagon da ba ya cikin sunanka, duk wahalar da ka sha a kansa, ba ka da hujjar da za ka kai gaban alƙali. Masu neman horo suna iya tuntuɓar majalisar 'yan kasuwa ta Jidda, wadda aka kafa a 1946, ko hukumar Monsha'at mai kula da ƙananan sana'o'i, wadda aka kafa a 2016.

Darasi na uku shi ne mafi nauyi. A shekarar 2022 rusau ɗin da hukuma ta yi wa tsofaffin unguwannin Jidda ya kai ga Hindawiyya, mazauna suka watsu cikin gari. Mai shagon da ya dogara ga masu wucewa ta ƙofarsa kaɗai, ranar da ƙofar ta faɗi kasuwarsa ta faɗi. Amma wanda ya rubuta sunayen abokan cinikinsa, ya adana hotunansu bisa tsari, ya kuma riƙe amanar hotunan iyalan mutane bai nuna wa kowa ba, duk inda ya koma za a neme shi.

Dubi Saidu Keita na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Ya adana dodon hotunansa dubbai, kuma su ne suka sa duniya ta san shi bayan shekara fiye da arba'in. Dubi kuma kamfanin Kodak na Amurka, wanda ma'aikacinsa ya ƙirƙiro kyamarar da ba ta buƙatar fim a 1975, amma ya yi jinkirin sauya hanya, har ya shiga kotun karayar arziki a 2012.

Yanzu da kowa ke da kyamara a wayarsa, mai shago sai ya sayar da abin da waya ba ta iyawa, watau iya haske, da bugu mai kyau, da cika alkawari ranar biki. Kowane dare kuma, kafin ya rufe shago, ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.