Daga Ofishin Minista Zuwa Murhun Talaka: Lacca Kan Manufofin Makamashi a Najeriya



Magana ɗaya na zo da ita yau. A harkar makamashi, sau biyu talakan Najeriya ya biya bashin da bai ci ba. Ya biya lokacin da ake wawure tallafin da aka ware da sunansa, ya sake biya lokacin da aka cire tallafin aka bar shi da tsadar kasuwa. Idan kuma muka yarda labarin ya tsaya a kan sunan minista guda da ta faɗi daga girma, to za a sa shi ya biya a karo na uku.

Talaucin da ba ya cikin lissafi

Idan gwamnati ta zauna maganar makamashi, gangar ɗanyen mai take ƙirgawa, da megawat, da dalar da ta shigo. Ni ina so mu fara lissafin daga gida. Gidan da ke fama da talaucin makamashi shi ne wanda uwargida za ta fasa dafa wake saboda yana cin itace. Shi ne wanda yara ke karatu da fitilar waya. Shi ne na tela da mai walda da mai injin niƙa da ke zaune hannu a haɓa har la'asar ana jiran a kawo wuta, da na manomin rani a Kadawa ko Bakolori da kuɗin man injin ban ruwa ya cinye masa ribar tumatir tun kafin ya kai kasuwa.

Alƙaluman hukuma sun tabbatar da abin da idanunmu ke gani. A watan Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa, kuma fiye da rabin al'ummar ƙasar da itace ko gawayi ko kashin shanu suke girki. A 2021 Bankin Duniya ya ce 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar lantarki, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje na kashe mutane sama da miliyan 3 a shekara a faɗin duniya, kuma mata da yaran da ke goye a bayansu ne suka fi shaƙarsa. Duk wannan a ƙasar da ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin iskar gas, ƙasar da har yau ake ƙona gas ɗin a banza a yankin Neja Delta.

Biyan farko: tallafin da bai iso ba

Misis Diezani Alison-Madueke ta riƙe ma'aikatar man fetur daga 2010 zuwa 2015, kuma a ƙarshen 2014 ta zama mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙungiyar OPEC. Shekarun nan, galibinsu farashin gangar mai yana sama da dala 100. Ƙasar ba ta taɓa ganin kuɗin mai irin na lokacin ba.

Mu duba kananzir, domin shi ne man talaka. Mai mota fetur yake saya, mai masana'anta dizal, amma matar da ke girki da risho da mai kunna aci-balbal kananzir suke nema. A wancan lokacin, a takarda farashinsa naira 50 ne kowace lita, kuma kamfanin NNPC yana cire kuɗin tallafinsa daga dukiyar ƙasa. A kasuwa kuwa, sai mutum ya biya ninki biyu ko fiye, in ma ya samu. Gwamnati ta biya, talaka ya biya, bambancin ya tsaya a aljihun waɗanda ke tsakani. Abin da ya fi ciwo shi ne tun 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ba da umarnin a daina biyan tallafin kananzir, amma aka ci gaba da cirewa.

Na fetur ya fi haka girma. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Mutane suka fito tituna daga Legas har Kano, inda matasa suka yi ta kwana a shataletalen Silver Jubilee, Musulmi da Kirista suna tsaron juna. An yi asarar rayuka kafin farashi ya sauko zuwa naira 97. Wannan bore shi ya tilasta wa Majalisar Wakilai yin bincike, kuma kwamitin Farouk Lawan ya gano cewa an ware naira biliyan 245 domin tallafi a kasafin 2011, amma abin da aka kashe ya haura tiriliyan 2.5. Kamfanonin da ke shigo da mai sun tashi daga 19 a 2008 zuwa 140 a 2011, an kuma biya wasu kuɗin man da bai taɓa shigowa ƙasar ba. Daga baya shi kansa shugaban kwamitin kotu ta ɗaure shi saboda karɓar dala 500,000 daga hannun attajiri Femi Otedola, hukuncin da Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2024.

Sai kuma Malam Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Banki a lokacin, wanda ya rubuta wa shugaban ƙasa a 2013 cewa akwai kuɗin mai da ba su shiga asusun tarayya ba. A gaban Majalisar Dattawa ya tsaya a kan dala biliyan 20, ya kuma nuna tallafin kananzir a matsayin ɗaya daga cikin ramukan da kuɗin ke zurarewa. A watan Fabrairun 2014 aka dakatar da shi. Binciken kamfanin PwC daga baya ya ce ya kamata NNPC ya mayar da dala biliyan 1.48. Ko da ƙaramin adadin muka ɗauka, kuɗi ne da zai sa tukunyar gas a gidaje miliyoyi.

Faɗuwar minista da abin da ta ɓoye

A watan Oktoban 2015 jami'an Birtaniya suka kama tsohuwar ministar a Landan. A 2023 suka tuhume ta da karɓar cin hanci, ita kuma ta musanta. Hukunci na alƙali ne, ba na mai lacca ba, kuma adalci ya hana mu yanke wa kowa hukunci daga kan mumbari. Amma akwai abubuwan da kotuna suka riga suka zartar. A Najeriya an mallaka wa gwamnati wani katafaren gini a Banana Island mai darajar dala miliyan 37.5, da gwala-gwalai da kayan ado na kusan dala miliyan 40, waɗanda hukumar EFCC ta danganta da ita. A Amurka, ma'aikatar shari'a ta shigar da ƙara a 2017 tana neman ƙwace kadarorin dala miliyan 144 na wasu 'yan kasuwa da ta ce sun samu kwangilolin mai ta hanyar toshiya a zamaninta, har da jirgin ruwan shaƙatawa mai suna Galactica Star.

Irin wannan labari yana da daɗin ji: jirgi, sarƙoƙi, gidaje a Turai. Shi ya sa nake jin tsoronsa. Yana sa mu ɗauka cewa cutar mutum guda ce, da tafiyarta an warke. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ya sa ofishi ɗaya yake da ikon raba rijiyoyin mai da kwangilolin musayar ɗanyen mai ba tare da gasa a fili ba? Me ya sa kamfanin mai na ƙasa yake cire kuɗinsa da kansa kafin ya kai saura asusun tarayya? Me ya sa mai tona asiri ya riga wanda ake zargi barin kujera?

Bayan tafiyarta, maimakon a ƙara wa ofishin haske, sai aka ƙara masa katanga. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya riƙe ma'aikatar man fetur da kansa shekara takwas, Shugaba Bola Tinubu ma ya bi sahu. Minista ana iya kiransa gaban majalisa a titsiye shi. Wa zai kira shugaban ƙasa? A zamanin Buhari tallafi ya kai sama da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai. Matatun Fatakwal da Warri da Kaduna, masu ƙarfin tace ganga 445,000 a rana, suka kwanta. An amince da dala biliyan 1.5 domin gyaran ta Fatakwal a 2021, aka yi shelar ta tashi a ƙarshen 2024, aka sake rufe ta a watan Mayun 2025. A ɓangaren lantarki, tsofaffin ministoci biyu, Olu Agunloye da Saleh Mamman, EFCC ta gurfanar da su a 2024 kan al'amuran da suka shafi aikin Mambila, aikin megawat 3,050 da aka shafe shekaru aru-aru ana alƙawarinsa, har yau bai kunna ƙwai ɗaya ba. Wannan ba halin mutum guda ba ne. Tsari ne.

Biya na biyu: cire tallafi ba tare da tanadi ba

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. A watan da ya biyo baya aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kuma kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000.

Masu kare wannan mataki suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Tallafin fetur ya fi amfanar mai motoci uku a kan mai tafiya a ƙasa, ya ciyar da masu fasa-ƙwauri, ya ci kuɗin asibiti da makaranta. Na yarda ba zai ɗore ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda aka jera matakan. Motocin haya masu amfani da gas, ƙarin albashi, tallafin kuɗi ga gidaje marasa ƙarfi, duk bayan wuƙa ta sauka aka fara maganarsu. Sai a watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, a shekarar da cika tukunyar gas mai kilo 12.5 ya haura naira 15,000, wato fiye da kashi ɗaya cikin biyar na albashin. Kananzir da a da ake cewa naira 50 ya wuce 1,500. Gidajen da suka bar itace suka koma gas, sai ga su sun dawo gawayi. Kowace tirela ta gawayi da ke shiga birni, daji ne aka sare, a yankin da hamada ke matsowa.

Lantarki ma haka. An sayar da kamfanonin rarraba wuta a watan Nuwamban 2013 da alƙawarin gyara, amma abin da babban layin ƙasa ke rabawa bai cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga mutane sama da miliyan 200. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashi ga masu amfani da wuta 'yan rukunin A daga kusan naira 68 zuwa 225, da sharaɗin za su samu wutar awa 20. Ma'anarsa, wuta ta bi unguwar da ke iya biya. A watan Oktoban shekarar, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da lalacewar wanda ya biyo ta Binuwai, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa da suka rage suka tsaya, masu ƙanƙara da masu cajin waya suka rasa na cefane.

Abin da ya kamata mu nema

Na farko, a naɗa cikakken ministan man fetur wanda majalisa za ta iya tuhuma, kuma a riƙa buga duk kwangilar mai da duk abin da NNPC ya cire, wata-wata, yadda ɗalibin lissafi zai iya bi.

Na biyu, kuɗin da aka ce an tsimi. Kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun 2023. Gwamnoninmu su faɗa mana nawa ne ƙarin, da abin da aka yi da shi. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta, saboda haka uzurin cewa komai na Abuja ne ya ƙare. Arewa ta fi ko'ina rana. Kowane asibitin karkara, kowace kasuwa, kowace fadamar noman rani ta cancanci sola.

Na uku, makamashin girki ya zama manufa mai zaman kanta, da kasafinta. A sa tukunyar gas da murhu mai tsimin itace a hannun mata kai tsaye, da sunansu da rajistarsu, ba ta hannun dillalan da suka cinye kananzir ba. A kuma kammala bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614, wanda aka ƙaddamar tun 2020, har gas ɗin ya isa masana'anta da gida.

Na huɗu, a watan Janairun 2025 Amurka ta sa hannu kan mayar wa Najeriya dala miliyan 52.88 daga kadarorin Galactica, aka ce miliyan 50 za su tafi samar da wuta a karkara ta hannun Bankin Duniya. Wannan kuɗin amana ne. Muna da haƙƙin sanin sunan kowane ƙauye da ya amfana, da wanda ya yi aikin, da ko wutar tana ci.

Malamai da ɗaliban wannan zaure, aikin nan naku ne kafin na kowa. Ku shiga unguwanni da ƙauyuka ku rubuta abin da gida ke kashewa a kan itace da gawayi da fetur da caji. Ku fassara kasafin jiha zuwa Hausa ku kai gidajen rediyo. Malaman addini su tuna wa masu mulki daga kan mumbari cewa dukiyar jama'a amana ce da za a tambaye su. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi da me matan mazaɓarsa za su yi girki, kuma nawa ne kuɗinsa, kada a sallame shi sai ya ba da amsa da alƙalami.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya ba mu ƙarfin halin tambayarsu.