Randa, Inuwa da Tambayar Yaro: Yadda Za a Fara Koyar da Kimiyya

 

An nemi in yi magana a kan yadda za a fara koya wa yara 'yan shekara 4 zuwa 8 kimiyyar abubuwan da ke kewaye da su: zafi da sanyi, haske da inuwa, nauyi da motsi. Matsayina a fili yake. Yaro ya fara taɓa abu da hannunsa, ya faɗi abin da yake tsammani zai faru, ya gani da idonsa, sannan suna da ma'ana su biyo baya. Mu kuwa mun juya lamarin. Muna rubuta ma'ana a allo, yara su yi ta rerawa har ta zauna, a ba su maki, alhali ko ɗaya bai jiƙa hannu ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin tun daga nan yaro ke yanke wa kansa cewa kimiyya karatun wasu ne.

Uzurin da aka fi bayarwa shi ne babu ɗakin gwaje-gwaje. To, mu dubi randar da ke kusurwar tsakar gida. Me ya sa ruwanta ke da sanyi a tsakiyar bazara, na bokitin roba kuwa ya yi ɗumi? Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana nasowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da ya bushe ya bi iska, da zafi yake tafiya. Kada malami ya fara da wannan bayani. Ya sa kowane yaro ya jiƙa hannu ɗaya ya bar ɗaya a bushe, su kaɗa su a iska, ya tambaye su wanne ya fi sanyi. Sai a kawo kwalba biyu da ruwa, a naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye su a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kafin a tashi, a ɗanɗana. Wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya ɗauka ya sa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, yalo da tumatir da ke lalacewa cikin 'yan kwanaki suka riƙa yin makonni. A kan haka ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Yaron da ya gane randa zai gane kuma dalilin da ya sa wannan tukunya ta fi aiki a rani, lokacin da iska ta bushe, fiye da damina.

Inuwa ta fi wannan sauƙi, kuma ita na fi so. A kafa sanda a filin makaranta da safe. Duk bayan awa ɗaya, yaro ya ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwar. Da safe doguwa ce, ta miƙe yamma. Tana ta gajarta har zawali, sannan ta juya gabas tana ƙara tsawo. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da wannan awo: azahar tana shiga idan rana ta karkata, la'asar kuma idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta rage a zawali. Ke nan abin da yaro ke ji a makarantar allo shi ne yake aunawa da tsakuwa a firamare. Akwai kuma abin da muke da shi wanda yaran Ingila ba su da shi: a Kano, sau biyu a shekara, cikin Afrilu da cikin Agusta, rana kan tsaya daidai bisa kai, inuwar sanda ta kusa ɓacewa. A Disamba inuwar tsakar rana tana kwantawa arewa, a Yuni ta koma kudu. Ajin da ya bi sandarsa shekara guda zai gano wannan da kansa. A gaya musu kuma sunan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra a 965, ya yi aikinsa a Alƙahira, ya nuna ta hanyar gwaji cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma muna gani ne saboda haske yana shiga ido. Ya kamata yaranmu su san shi.

Lokacin hunturu ma darasi ne kyauta. A goga biro a gashi, a kusanta shi da 'yan gutsattsarin takarda, su yi tsalle su manne. A damina abin ba ya yin kyau, kuma tambayar me ya sa ta ishi aji magana. Wannan wani nau'in lantarki ne, amma ban yarda a kawo wayar lantarki ko wuta kusa da yara ba. Batirin tocila ya wadatar.

Yanzu ga wurin da ke da wuya. Yaro ba ya zuwa aji da kai wayam; yana da nasa bayani. Masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya nuna cewa idan aka juye ruwa daga faffaɗan kofi zuwa dogo siriri, yawancin yaran da ba su kai shekara 7 ba za su ce ruwan ya ƙaru. Haka za su ce maka duk abu mai nauyi nutsewa yake yi. Tsawa ba ta cire wannan tunani, faɗin amsa ma ba ya cire shi. A kawo baho da ruwa, a ba su allura da babbar ƙwarya, a tambaye su wacce za ta nutse. Su yi gardama, su ɗaga hannu, sannan a jefa. Idan allura ta nutse ƙwarya ta tsaya, malami ya daure ya yi shiru na ɗan lokaci. Wannan shirun shi ne abin da ya fi wa malamai wuya, domin an horar da mu mu zama masu amsa. A ƙara loda wa ƙwaryar tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, yara suna ƙirgawa, suna kallon yadda take zurfafa cikin ruwa.

Na san wasu ajujuwanku sun cika maƙil, kuma manhaja tana jira. Ku fita da su waje, ku kasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni da bahonsa. Ku lura kada maza su riƙe kayan, 'yan mata su zama 'yan kallo. Yarinyar da ke ɗebo ruwa tana tafasa shi kullum ta riga ta ga rabin darasin. Iyaye mata, idan yaro ya tambaye ku dalilin da murfin tukunya ke rawa, ku ce masa, "Kai me ka gani?"

Roƙona ga shugabannin makarantu ɗaya ne: a ware darasi guda kowane mako a aji ɗaya zuwa uku, wanda ba a kwafar komai daga allo, kuma a sa shi cikin jadawali tun zangon da ke tafe.