A Bar wa Ƙafa Rana Guda a Alƙahira

Mutanenmu da dama kan tafi hutu Alƙahira da doguwar takardar wuraren da za su gani, su yi ta tsere da agogo har su dawo gida a gajiye. Shawarata ita ce a ware ko da rana guda ba tare da wani tsari ba.

Ka yi azahar a Masallacin Azhar, wanda aka aza tubalinsa a shekarar 970 Miladiyya, inda ba wuya ka ji ɗalibanmu na gaisawa da Hausa. Daga nan ka tsallaka titi zuwa kasuwar Khan al-Khalili, ka bi lungu duk inda ya kai ka. Ga maƙerin tagulla yana zana faranti da 'yar guduma, ga mai shayi yana tsoma na'ana'a a kofi. In yunwa ta taso, ka nemi koshari: shinkafa da taliya da adas, an zuba miyar tumatir da soyayyar albasa. A irin wannan yawo ake sanin mutanen gari, domin akwai lokacin tsayawa a gaisa.

Sai dai ka riƙe adireshin masaukinka a rubuce da Larabci, ka kuma yi ciniki kafin ka biya. Matambayi ba ya ɓata.