Jawabin Kwamitin Zumunci: 'Yan'uwanmu da Aka Dawo da Su Daga Saudiyya

  Shugabarmu, iyayenmu mata, mazajenmu da suka bar mu muka fito, 'yan'uwa na Unguwar Tudu da waɗanda suka taso tun daga Getso da Kabo, sannunku da zuwa. Ma'aji ta karanta mana lissafin shekara, Allah ya ƙara albarka. Mu 'yan kwamitin zumunci, maganarmu a kan abin da ba ya shiga littafin adashi ce.

Duk wadda ke zaune a nan ta san gidan da ke da mutum a Makka ko Jidda. Abayar da muke sarowa, da dabino, da turare, da yawa ta hannunsu suke zuwa. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne, a ɗaki ɗaya a can, ba kowa ke da takarda ba. Miji yana da igama saboda yana da kafili. Matar da bizar Umara ta shiga, biza ta ƙare, ta zauna tana aikatau. Yaran a can aka haife su, amma Saudiyya ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa don kawai a ƙasarta aka yanke masa cibiya. A Amurka akasin haka ake fama da shi, ɗa ɗan ƙasa, uwa ba takarda. To, tukunya ɗaya ake ci, amma ranar da askarawa suka buga ƙofa, wani za a ɗauka a bar wani.

Kuma ana ɗauka ɗin. An yi babban kame a Nuwamba 2013, bayan wa'adin afuwa ya cika, an sake ba da wani wa'adin a 2017. A Janairu 2021 ɗaruruwan 'yan Najeriya aka sauke a Abuja. Da yawa sai sun yi zaman tarhil a Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, kafin a sa su a jirgi.

Sai mace ta dawo ɗakin uwarta da kayan jikinta, ɗa ɗaya a hannu, biyu a can wajen ubansu. Ba ta barci. Ta ji jiniya ko an buga ƙofa da ƙarfi, jikinta ya ɗauki rawa. A sa mata tuwo ta zuba masa ido. Mu kuma me muke cewa? Wata ta ce aljanu ne, wata ta ce ai ta saba da kaza da sanyin ɗaki. Yaro yana Larabci, Hausarsa ba ta miƙe ba, yara suna bin sa da "ɗan takari". Wallahi wannan sunan kaɗai ya isa ya hana yaro fita tsakar gida.

Likitoci sun san wannan ciwon, damuwa ce da firgici, kuma yana da magani. Addu'a muna yi, ba za mu fasa ba, amma wanda ya karye ana yi masa addu'a ana kuma kai shi wajen mai ɗori. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau, Dawanau ɗin da muke zuwa sarin hatsi, akwai sashensu a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Zuwa can ba hauka ba ne. A Janairu 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba mai ciwon haƙƙin a mutunta shi, a riƙe sirrinsa.

Sirrin nan shi ne kan gaba. Matar da ta shekara goma tana ɓoye sunanta ga duk mai kaki, ba za ta buɗe baki rana ɗaya ba. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya fara da "ta yaya kika shiga?" Tambayarsa ita ce, kina barci, kina cin abinci, wa kika baro a can? Yakan gan ta ita kaɗai tukuna, don akwai abin da ba za ta faɗa a gaban suruka ba. In Larabci ya fi zama a bakinta, babba ake nema ya yi tafinta, ba ɗanta ba, don kar a ɗora wa yaro kayan da ya fi ƙarfin wuyansa. Kuma ba kowa ake ba ƙwaya ba. Wata zama ake yi da ita, mako-mako, a koya mata yadda za ta saisaita numfashi in firgicin ya taso, a raba mata matsalolinta ɗaya-ɗaya, a fara da wadda hannu zai kai.

Sannan gidan duka suke dubawa. Mijin da aka bari da igama shi ma ba lafiya gare shi ba, kunya tana cin sa, shi ya tsira iyalinsa ba su tsira ba, wani har ya daina ɗaga waya. Shi ya sa suke so a tsayar da ranar kira, yaran can su ji muryar uwarsu. Kuma a gaya wa yaro gaskiya daidai shekarunsa. In ana ce masa "Baba gobe zai zo", gobe ta yi ta wucewa, daga baya ko gaskiya aka faɗa masa ba zai yarda ba.

Ga wani abu da malamarmu ta yaƙi da jahilci ta karanta mana: a tsarin mulkin Najeriya, duk yaron da uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, ɗan ƙasa ne, ko a Jidda aka haife shi. Ke nan a nan gida yana da haƙƙin takarda da lambar NIN da makaranta kamar ɗan kowa.

Roƙonmu ga taro: a ware wani abu daga ribar bana don kuɗin mota zuwa Kano, kuma mutum biyu daga cikinmu su riƙa rakiya. Wadda ta dawo ba jari, a sa ta a adashi, ta fara da ɗan abin da ta samu. Wadda ke da irin wannan a gidanta ta same mu bayan an shafa fatiha, ita kaɗai, ba sai ta ɗaga hannu a nan ba.