Minti Biyar Zuwa Harami

Da zarar azumi ya ƙarato, tallar masaukin Umara sai ta cika wayoyinmu: ɗaki tsaf, gado biyu, "minti biyar zuwa Harami". Mutum ya sauka Makka, sai ya tarar an kai shi unguwar Aziziyya, ga gadaje shida a ɗaki guda. Ashe minti biyar ɗin ma a mota ake nufi, kuma a goman ƙarshe hanya cunkushewa take yi. Matashi ya daure, amma tsohuwar da 'ya'yanta suka yi karo-karo suka biya mata fa? Tarawihi sai dai a masallacin unguwa. Kafin ku biya, ku nemi sunan otal da na unguwa a rubuce, ku kuma duba ko kamfanin yana da lasisin Hukumar Alhazai, NAHCON.