Ciwon Baki Da Sabon Maganin Da Ake Bincike

Jawabi ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci na ƙasar Daura

Yau maganarmu a kan ciwon baki ce.

Wasunku sun ji labarin wani sabon magani da ake yi da ƙwayoyin asali na jiki. Waɗannan ƙwayoyi ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Ana samunsu a cikin ɓargo da dasashi. Aikinsu shi ne gyara tsokar da ta lalace. A shekarar 2011, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Benin sun yi wa mai ciwon sikila dashen ɓargo, karo na farko a Nijeriya. Amma game da gyambon baki, har yanzu gwaji masana ke yi, yawanci a kan dabbobi. Saboda haka duk wanda ya kawo muku kwalba a kasuwar Daura ko ta Mai'aduwa ya ce wannan maganin ne, ku riƙe kuɗinku.

To, me za mu yi yanzu? Ƙurjin baki na yau da kullum yakan warke da kansa cikin mako 1 zuwa 2. A riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Idan gyambo ya wuce mako 3 a bakin babba, musamman mai shan taba, a je asibiti a duba.

Wanda ya fi haɗari shi ne zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma. Ba noman gona ba ne, cuta ce. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda ba su samun isasshen abinci, ko waɗanda ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya kwantar. Da farko dasashi ya yi ja, yana jini, baki yana wari. Sai kunci ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki sai tsoka ta ruɓe, kunci ya huje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a yi magani ba, yara 9 cikin 10 na iya rasuwa. Cutar ba iska ba ce, ba sammu ba ce, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

Idan aka kai yaro asibiti da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibitin wannan cuta tun 1999, inda ake yi wa yara aikin gyaran fuska kyauta. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Nijeriya ta nemi a yi haka.

Iyaye mata, ku ba jariri nono zalla har wata 6. Ku kai shi allurar ƙyanda yana wata 9. Ku ƙara wake da gyaɗa da zogale a abincin yara. Ku riƙa buɗe bakinsu kuna dubawa, ku koya musu asuwaki. Iyaye maza, da an ga jini a dasashi da kumburin kunci, kada a kwana ba a je asibitin da ya fi kusa ba, ko a Zango, ko a Ɓaure, ko a Sandamu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi. Wassalamu alaikum.