Idan Shaye-shaye Ya Shigo Ɗakin Kaka

Gaisuwa ta musamman ga masu sauraronmu na Gwangwan da Zarewa da Fulatan da Beli a ƙasar Rogo, da na Ƙaraye da kewayenta. Mai daka ta ɗan jingine taɓarya, domin zancenmu na yau na cikin gida ne. Magana ce a kan tsofaffinmu, da halin da suke shiga idan ɗa ko jika ya faɗa shaye-shaye.

A wasu ƙasashe kamar Amurka, akwai unguwanni sukutum da ake ginawa don waɗanda suka yi ritaya, su je su ƙarasa rayuwarsu cikin natsuwa. To ko can ɗin ba su tsira ba. A shekarar 2017 'yan sanda sun kai samame gidan wani dattijo a irin wannan unguwa a jihar Fulorida, suka kama mutum biyar da miyagun ƙwayoyi, ciki har da wata 'yar danginsa da ke zaune tare da shi. Mu a nan ba mu da unguwar tsofaffi. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma idan ya ajiye aiki, gida yake dawowa, cikin 'ya'ya da jikoki. Wannan abin alfahari ne. Amma kuma ma'anarsa ita ce, duk abin da ya sami yaron gida, ɗakin tsoho yake fara taɓawa.

Kwanaki na je suna wani ƙauye a yankin nan namu, wata tsohuwa ta ja ni gefe. Mijinta tsohon malamin firamare ne, ido ya yi rauni, ƙafa ba ta kai shi nesa. Jikansu da suka riƙa tun daga yaye shi ke riƙe da katin cirar kuɗin fansho, shi ya san lambar sirri, shi ke zuwa wajen mai POS. Wata uku a jere yana dawowa ya ce gwamnati ba ta biya ba. Kafin nan tunkiyarta ta ɓata, aka ce ɓarayin dare ne. Atamfofi biyu suka fita daga akwati, ta ce wataƙila ita ce ta manta inda ta sa. Sai ranar da wani abokin aikin mijin ya zo gaisuwa, ya ce ai su tuni suka karɓi nasu. Na ce, "Inna, kin gaya wa ubansa?" Sai ta kama bakin mayafi tana share ido, ta ce, "'Yar nan, maigidana ne fa. Ni zan tona masa asiri?"

Kun ji inda gizo ke saƙar. A al'adarmu jika abokin wasan kaka ne. Ta kira shi maigida, ya kira ta matarsa, ya sa hannu a lalitarta ya ɗauki na goro, a yi dariya. Sau da yawa kuma ɗan fari ake kai wa kaka, uwarsa tana jin kunyarsa, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsawata masa. To yaro ya tashi tsakanin kakar da ba ta iya yi masa faɗa da uwar da ba ta iya ɗaga ido ta dube shi. Idan Allah ya shirya shi, shi ke nan. Idan kuwa ya haɗu da abokan banza, babu gidan da ya fi wannan sauƙin ɓoye ɓarna.

Kada wata ta ce ai wannan matsalar 'yan birni ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda. A jihar Kano kaɗai sun haura miliyan ɗaya. Kuma a cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Don haka ba jika namiji kaɗai ake sa wa ido ba. Akwai budurwa, akwai ma matar aure a cikin ɗakinta.

A ƙauye, sau da yawa ba da neman maye abin ke farawa ba. Yaro ya tafi ƙwadago gonar rake ko ta masara, wani ya miƙa masa taramol ya ce zai yini yana noma bai gaji ba. Wadda likita ke rubutawa mai lamba 50 ce ko 100, amma wadda ake sayarwa a ɓoye har mai lamba 225 akwai. Yau ɗaya, gobe biyu, jibi jiki ya ƙi motsi sai da ita. Kuɗin ƙwadago ya kasa, sai a juyo kan na gida. Haka nan maganin tari mai kodin. Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC da ya nuna irin ɓarnar da yake yi, har da nan Kano. Amma hani bai sa masu sha sun warke ba, wasu sai suka koma kan wasu ƙwayoyin.

Ga wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Ɗakin tsoho ba ya rabuwa da magani. Akwai na ciwon gwiwa da na baya, wanda wani lokaci taramol ɗin ce, akwai na barci irin su baliyam. Idan jika ya gane haka, ya samu kemis a cikin gida. Tsohuwa ta ga maganin wata guda ya ƙare a mako biyu, ta zaci ita ce take mantuwa tana sha sau biyu. Ta kwana da ciwo, shi ya kwana da maye.

'Yar'uwa, ke da kike cikin gida ba kya fita, kada ki raina matsayinki. Maigida ya fita tun safe, ke ce kike ganin mai shiga da mai fita. Ke kika san wanda ya yini yana barci, ya kwana yana yawo. Ke kike jin muryar da ta koma ja kamar ta mai magagi, kike ganin jan ido, da yawan susa, da tuwon da ake dawo da shi ba a taɓa ba, da kwalbar lemon da ba a yarda ƙanne su kurɓa. Ke kike shara ki tarar da fankon ƙwaya a bayan ɗaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To me za ki yi? Da farko, a kare tsohon. Maganinsa ya koma hannun babba guda ɗaya, a kulle, a riƙa ƙirgawa ana ba shi a kan lokaci. Katin fansho da lambarsa su fita daga hannun yaro, kuma a sa saƙon banki ya riƙa shiga wayar wani amintacce, yadda za a san ranar da kuɗi suka shigo da ranar da suka fita. Kuɗin adashi da na sayar da ƙuli-ƙuli kada su kwana ƙarƙashin filo.

Na biyu, a yi magana. Ki sami maigida lokacin da ya ci ya huta, ki faɗa masa abin da idonki ya gani, ba abin da kike zargi ba. Idan ɗan kishiya ne ko ɗan ƙanen miji, kina tsoron a ce baƙin ciki ne, ki bi ta wajen wata babba da ake jin maganarta, gwaggo ko yayar maigida. Idan kuwa har ya kai yaro yana ɗaga wa tsohuwa hannu ko yana zare mata wuƙa, wannan ya wuce sirrin gida. A sanar da mai unguwa da hukuma tun kafin a yi da-na-sani.

Na uku, a nema masa magani. Shaye-shaye idan ya kama jiki ciwo ne, duka ba ya fitar da shi. Mun ga abin da aka tarar a gidan mari na Rigasa a Kaduna a watan Satumbar 2019, mutane sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala. Kuma kada a kulle yaro a ɗaki a ce ya daina rana ɗaya, domin wanda ya daɗe yana shan ƙwayar barci, yanke ta farat ɗaya kan iya jawo masa jijjiga irin ta farfaɗiya. A fara da babban asibitin Rogo ko na Ƙaraye, su za su tura ku gaba in da buƙata, kamar asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Hukumar NDLEA ma, wadda aka kafa a 1989, ba kamu kaɗai take yi ba, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali.

Ke kuma Inna, ke Hajiya kaka, da ke nake. Na san son jika ya fi son ɗa. Amma duk ranar da kika ce kaza ta ɓata alhali kin san wanda ya ɗauka, kin saya masa ƙwayar gobe ne da hannunki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki kira ubansa ki gaya masa. Gara ya yi fushi da ke wata guda yana asibiti, da a zo a ce miki an tsince shi a bakin hanya.

Ita tsohuwar nan da na ba ku labari, sai da na zauna da ita har la'asar kafin ta yarda a kira babban ɗanta. Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce rabonta da barci mai nauyi tun kafin damina.

A nan za mu dakata sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba iyayenmu hutu a ƙarshen rayuwarsu. Ku huta lafiya.